Katin da Tabarma Ta Ci

Da sunan Mai rabo, wanda ya raba bai yi shawara da kowa ba, ya ba wani gona ya ba wani garma, ya ba wani tafiya ya ba wani jira. Ku matso ku zauna, masu sauraro. Ni ne Korau ɗan Rafin Gora, wanda ya ratsa Shuɗin Yashi da ƙafa, ya haye Kogin Kira da rai, ya zauna kan tabarmar Birnin Zarnu ya ci wasa, ya dawo gida. Mutanen garinmu suna cewa na dawo da nasara. Ban taɓa ja da su ba, don ni ba mai son dogon zance ba ne a bakin kasuwa. Amma yau na ga kun zauna da kyau, zan faɗa muku yadda aka yi.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, yayana Nomau da ni. Ina shekara tara, shi yana sha shida, rumbun gidanmu ya ƙone ƙurmus da geron shekara guda a ciki. Ni na ƙone shi. Gafiya na gani ta shige ƙarƙashinsa, na zaro bakin wuta daga murhu na bi ta da shi, wai ni jarumi. Kafin in ankara jinka ta kama. Na ruga bayan zana na laɓe. Nomau ne ya fara isowa da ƙwaryar ruwa, shi mahaifinmu ya tarar a wurin, shi ya ɗora wa laifin, ya kuma faɗa masa maganar da uba ba ya faɗa wa ɗa. Ina bayan zana ina ji, na yi gum. Kafin damina ta zagayo Nomau ya bar gari.

Shekara ashirin babu labarinsa. Mahaifinmu ya rasu bai ƙara ambatonsa ba. Sai wasu fataken gishiri suka ce sun ga mai kama da shi a Birnin Zarnu, can bayan yashi da kogi, garin da ake wasan kati da abin da ya fi dukiya. A lokacin ciwo ya kwantar da mahaifiyarmu. Maƙwabtan da ke ɗakin sun ce ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, ka je ka nemo mini yayanka. Ina so in ga idonsa kafin a rufe nawa." Washegari na ɗaure guzuri na kama hanya.

Kwana goma sha biyu na yi a Shuɗin Yashi. Yashin shuɗi ne kamar an tsamo shi daga marina, kuma ba ya share sawu. Iska ta kaɗa iya ƙarfinta, sawun yana nan. Ga na raƙumi, ga na jaki, ga na tsoho mai dogara sanda, dubbai, wasu sun girmi kakana. Sai a kwana na uku na lura da abin da ya tayar mini da tsigar jiki. Kusan duk gaba suka nufa. Na durƙusa na duba, na koma gefe na duba, na masu dawowa ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

A ƙarshen yashin Kogin Kira yake. Mai fito ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "In mun shiga ruwa za a kira ka. Ko muryar wa ka ji, kada ka amsa. Wanda ya amsa, ni ba na tsayawa tsamo shi."

To ni na san halina. Mutum ne ni da ko akuya ta yi kuka sai na waiwaya na ce na'am. Don haka na kwance guzurina, na farfasa ƙuli-ƙuli da dutse har ya zama gari, na cika bakina da shi tam, na shiga kwalekwale kumatu a kumbure. Muna kaiwa tsakiyar ruwa na ji muryar mahaifinmu daga ƙarƙashin katako, ba da faɗa ba, a hankali: "Korau. Korau, wa ya ƙone mini rumbu?" Wallahi na buɗe baki zan amsa. Garin ƙulin ya sarƙe ni, na yi ta tari har da hawaye, muryar tana bin mu tana maimaitawa har muka taɓa gaɓa. Mai fito ya ɗaure igiyarsa ya ce, "Ka fi na jiya wayo." Ban tambaye shi labarin na jiya ba.

A ƙofar Birnin Zarnu ba a tambayar baƙo sunansa. Zaure ake kai shi, wurin wani tsoho mai zane da ake kira Baba Arzika. Ya ajiye ƙwaryar ruwan shuni a gabana, ya ce in leƙa ciki in yi shiru. Shi kuma ya jawo yankakkun fatun akuya, sirara, kowace faɗin tafin hannu, yana duban ruwan yana zanawa. Kafin la'asar ya gama, ya miƙo mini. Na karɓa na shiga dubawa. Ga rijiyar ƙofar gidanmu da gugarta mai faci. Ga jakinmu mai yankakken kunne. Ga Nomau ya saɓa ni a kafaɗa muna tsallake rafi. Duk wanda na taɓa sai in ji ƙamshin wurin da hayaniyarsa, sabo fil. Arba'in ne, na ƙirga da hannuna, ko da yake talatin da tara nake iya lissafa muku yau. Can ƙasa na tarar da rumbu yana ci da wuta, har fatar da ɗumi.

Na ce, "Baba, a cire wannan. Sauran ma sun ishe ni."

Ya ce, "Ɗana, ba ni ke zaɓa ba, ni hannu ne kawai. Wannan shi ne daminka, ka riƙe shi da kyau. Katin da ya bar hannunka, abin da ke cikinsa ya bar kanka."

Kasuwar Zarnu ba ta hatsi ba ce. Musayar kati ake yi. Na ga wata mata ta ba da ranar da aka kai ta ɗakin miji ta karɓi rijiyar wani, ta tafi tana murna. Na ga wani dattijo yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai saboda ƙuruciyar da ba tasa ba, wadda ya samu da safe. Ko'ina tabarmi ne a shimfiɗe ana wasa, ba shewa, ba zagi, sai ƙarar fata a kan kaba. A jikin ganuwa kuwa wasu mutane ne a jere suna saƙa tabarmin da ake wasan a kai. Su ne waɗanda daminsu ya sauka ƙasa da ashirin, kuma a dokar garin wanda ya taɓa sauka nan ba ya ƙara zama wasa har abada. Idanunsu a buɗe, amma in ka gaishe su sai sun ɗan jima kafin su gane da su kake.

Na bakwai a layin yana da tabon ƙuna a bayan hannu. Na tsaya a kansa na ce, "Yaya Nomau?"

Ya ɗago ya daɗe yana dubana. "Korau? Kai ne ka yi gemu haka? Zauna mana, ƙafarka duk ta yi shuɗi."

Na rungume shi ina kuka, kowa yana gani, ban damu ba. Da na samu numfashi na ce, "Yaya, Inna ce ta aiko ni. Tana kwance, tana son ganinka."

Ya ci gaba da murza kaba a yatsa. Can ya ce, "Na san kowa da uwa, don haka ni ma dole ina da ita. Amma in ka ce Inna, sai in ji kamar an yi sallama a kango." Ya zaro daminsa daga aljihu, ɗan siriri, kati goma sha ɗaya. "Tabarma ta ci nata tun shekarun baya."

Na ce ya taso mu tafi hakanan, in ta gan shi ai ya wadatar. Ya girgiza kai. "In je in tsaya a kanta kamar baƙo? Uwa ba ta rasa gane wannan, Korau. Gara ta cika tana zaton ina tuna ta daga nesa."

Hanya ɗaya ce ta rage. Duk katin da tabarma ta ci, adudun Magajiya Dela yake shiga, tsohuwar da ke riƙe da babbar tabarmar garin. Mai kati ba ya wasa don karɓo nasa, amma ɗan'uwansa na jini yana iya zama a madadinsa. In ya ci, a ba shi katin da ya ambata. In an ci shi, Magajiya ta zaɓi goma daga daminsa. Na ce na yarda, tun kafin Nomau ya rufe baki.

Kwana uku yana koya mini wasan a gindin ganuwa. Ba shi da wuyar ganewa. Katuna iri biyu ne: akwai rijiyoyi, wato duk wurin da ka taɓa shan ruwa ka kwana lafiya, akwai kuma mutane da dabbobi da al'amuran da suka same ka. Ba ka iya tsayar da kowa a tabarma sai ka fara ajiye masa rijiya. Mai nauyi yana ture mai sauƙi, wanda gefensa ya zama fayau an ci shi. Na kama da wuri har na fara cika baki. A rana ta uku Nomau ya dafa hannuna.

"Bar murna, wasan ba shi ke cin mutum ba. Ni da kake gani ba a ci ni ya kai sau biyar ba. Sake rabo ne ya cinye ni. Ka buɗe kunnenka. Bakwai za ka ɗiba da farko. Ka duba, in sun yi maka ka ce ka riƙe, shi ke nan an fara. In ba su yi maka ba kana iya cewa a sake rabo. Sai ka mayar, a cuɗa, a zare na sama a kife a tura ƙarƙashin tabarma, ba kai ba Magajiya ba wanda zai gani, sannan ka ɗebi shida. Ka ƙara, biyar. Wannan da aka tura shi ne haƙƙin tabarma, ko ka ci wasan ba ya dawowa."

Na ce, "To in mutum ya ɗebo bakwai babu rijiya ko ɗaya fa? Ai ba laifinsa ba ne."

"Shi ya sa aka yi masa ƙofa. Ana ce mata buɗe hannu. Ka baje bakwai ɗin a fili, ka ɗaga kowanne ka faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ke cikinsa, da baki, da ƙarfi. In ka yi ƙarya fatar za ta yi baƙi a hannunka. In ka gama sai ka sake ɗibar bakwai cur, tabarma ba ta ci komai ba. Kyauta ne, Korau. Mutane ne kawai ba sa so. In ta kama, ka buɗe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ce, "Haba Yaya, wannan ai mai sauƙi ne."

Da hantsi muka zauna, a inuwar wani durumi da ke tsakiyar kasuwa. Na zaci zan ga wata dodanniya. Ashe 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, da ƙoƙon aya a gefenta tana tauna. Ta gaishe ni ta tambayi gajiyar hanya, ta sa hannu a adudu ta ciro katin Inna na Nomau naɗe cikin ƙyalle, ta ajiye a gefen tabarma. Jama'a suka kewaye mu, taku uku baya kamar yadda doka ta ce. Nomau yana tsaye a sahun gaba.

Ta ɗebi bakwai ɗinta, ko duban kirki ba ta yi musu ba ta ce, "Na riƙe."

Na ɗebi nawa. Jakinmu. Malamin da ya koya mini alif. Mahaifinmu da gatari a kafaɗa. Wani abokina na kiwo. Nomau a rafi. Ranar da kunama ta harbe ni. Na murza na bakwai a hankali ina roƙon Allah ya sa rijiya ce, sai na ji ɗumi a yatsana. Rumbu ne.

Babu ruwa ko ɗigo. Da wannan hannun ko jaki ba zan iya tsayarwa ba. Nomau bai ga katunan ba, amma ya ga fuskata. Ya ɗaga murya ya ce, "In babu rijiya ka buɗe, Korau! Buɗe, kyauta ne!"

Na dubi jama'a, sun fi ɗari biyu. Na dubi Nomau, da tabon ƙunarsa da rigarsa mai faci, mutumin da ya yi shekara ashirin a bakin duniya saboda bakin wutar da ni na ɗauko. In ɗaga katin nan in ce, "Jama'a, wannan rumbun ubana ne, ni na ƙone shi, na laɓe aka kori wancan." Kunya ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum ya gwammace ƙasa ta tsage. Sai zuciya ta fara yi mini lissafinta na banza. Kati arba'in ne, ɗaya kawai za a zara. Ƙila jaki ne, ƙila kunama. Kai, ƙila ma rumbun ne da kansa, in huta da shi gaba ɗaya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ba zan ɓoye muku ba, wannan tunanin na ƙarshe daɗi ya yi mini.

Na ce, "A sake rabo."

Na ji Nomau ya ce, "Wayyo Allah."

Magajiya ta dakata da tauna. "Ɗana, ka tabbata? Ba a janye wannan magana."

"Na tabbata."

Na mayar da bakwai ɗin, ta cuɗa, ta zare na sama a kife, ta ɗaga bakin tabarma ta tura. Ban ji zafi ba. Abin da na ji shi ne irin abin da mutum ke ji in ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Wani sanyi ya ratsa ƙirjina ya wuce, na ji na yi sakayau. Na ce a raina, to, ashe ma ba komai.

Na ɗebi shida. Rijiya biyu, Nomau, mahaifinmu, jaki, na shida kuma da ɗuminsa. Rumbun yana nan daram.

Ba zan ja ku da yadda wasan ya gudana ba. Magajiya ta iya, ta ture mini jaki, ta ture mahaifinmu da wani sarkin ruwa da ban san ko na wane bawan Allah ba ne. Rana ta take tsaka gefena saura Nomau shi kaɗai a tsaye, nata mutum biyar. Ba ni da sauran dabara, na ajiye rumbu. A cikin wasa ba a tambayar labarin kati, ajiyewa kawai ake yi, zanen kuma rumbu ne da wuta, babu kowa a ciki. Yana taɓa tabarma mutanenta biyar suka kife ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa ta ɗauki guɗa.

Magajiya ta ce, "Kai, wannan da nauyi yake. Ka ci, ɗana." Ta miƙa wa Nomau ƙyallen.

Ya warware shi. Yana taɓa fatar ya zube a gwiwa, ya manna ta a ƙirji, ya fashe da kuka irin na wanda aka yi wa rasuwa yanzu. "Inna! Wayyo Inna!" Ya jawo ni ya nuna mini. "Dube ta, Korau! Har yanzu tana wannan murmushin na gefe guda? Ta rame? Me ta ce maka da za ka taho?"

Na duba. Wata mata ce mai tsaga uku a kumatu, tana tankaɗe a bakin wani ɗaki. Fuska mai kirki. Na juya katin, na sake dubawa, na nemi wani abu a cikina da zai motsa. Na ce, "Yaya, wace ce wannan?"

Guɗar ta mutu. Waɗanda ke kusa suka sunkuyar da kai, don su sun saba gani. Nomau ya fizge damina ya shiga bajewa a ƙasa yana nema, ya bi su sau biyu, sau uku. Sannan ya zauna dirshan ya ɗora hannu a ka.

Na roƙi Magajiya. Na ce ta ɗauki goma, ta ɗauki ashirin, ta ɗaga bakin tabarmar nan kawai. Ta ce mai kati ba ya karɓo nasa, ɗan'uwana kuma ba ya ƙara zama, wani ɗan'uwan na jini kuwa ba ni da shi. "Ba ni na kafa dokar ba, ɗana, tarar da ita na yi. Ni ma sau ɗaya na taɓa cewa a sake, ina budurwa. Kai ka yi sa'a, an faɗa maka abin da ka rasa. Ni har yau ba wanda ya zo ya faɗa mini." Nomau ya miƙo mini nasa ya ce in karɓa. Na ce in na karɓa mun koma gidan jiya, kuma shi aka aiko ni nema. Ranar muka bar garin.

A Kogin Kira wata murya ta mace ta taso daga ruwa tana kiran sunayenmu. Nomau ya cusa gefen rigarsa a baki yana gunji, sai da na danne shi. Ni kuwa ina zaune baki wayam, ina jin wata baƙuwa tana kira, ba abin da ya ja ni in amsa.

Sai da muka yi kwana biyu a cikin yashi ya yi mini tambayar da nake jira. "Babu rijiya a hannun nan, na gani a idonka. Me ya hana ka buɗewa?"

Babu jama'a, babu kasuwa, daga ni sai shi sai sawun mutane. Na faɗa masa duka, gafiya da bakin wuta da bayan zana. Maganar da na kasa yi don ceton komai, ga ta ta fito cikin numfashi uku. Na jira ya mare ni.

Bai mare ni ba. Ya zaro wani kati daga ɗan daminsa ya ba ni. Rumbunmu ne yana ci, amma daga ɗaya gefen aka zana shi, ta inda mai zuwa da ruwa zai gani. Ga wani ɗan yaro can yana gudu zai shige bayan zana, da itace mai hayaƙi a hannu.

"Tun ranar na gan ka," in ji shi. "Ka san abin da ya sa nake ta cewa a sake rabo? Wannan nake so tabarma ta ɗauka, da maganar da Babanmu ya faɗa mini. Ta cinye kusan komai ta bar mini shi."

Na ce, "Ka sani, ka yi shiru?"

"Shekararka tara, Korau. Da ka buɗe hannun nan, abin da zan ce ke nan."

Ban iya tafiya ba sauran yinin. Na zauna a kan yashi ina jin baƙin cikin da ban taɓa jin irinsa ba, shi kuma ya zauna kusa da ni.

Mun iso Rafin Gora da walaha, mun same ta da rai. A hanya Nomau ya yi ta koya mini yadda zan yi, in shiga da fara'a, in ce Inna, in zauna ta wajen ƙafafunta. Shi ya fara shiga. Tsohuwar da ke kan gado ta ɗago da ƙyar, ta shafa fuskarsa da hannu biyu. Matan da ke ɗakin sun ce ba su taɓa jin ta kira sunan ɗan farinta ba saboda kunya, amma ranar ta kira, har sau uku. Kowa yana kuka. Ina tsaye a bakin ƙofa kamar wanda ya rako aboki gidansu.

Can ta ce, "Ina autana?"

Na shiga da fara'a, na durƙusa ta wajen ƙafafunta, na ce, "Sannu Inna. Yaya jikin? Allah ya ƙara sauƙi."

Ba kuskure ko ɗaya a ciki. Amma ta yi ta dubana, har murmushin ya sauka daga fuskarta. Ta ce, "Wannan gaisuwar baƙo ce." Ta juya wajen Nomau, shi kuma ya sunkuyar da kai ya faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba. Sannan ta ce, "Na aiki ɗaya ya samo mini ɗaya. Ashe dai ɗayan Allah ya rubuta mini." Ta miƙo hannu ta kama nawa. "Matso, bawan Allah. Kai ba ka san ni ba, ni na san ka."

Kwana tara ta ƙara a duniya. Kullum sai ta sa na zauna, ta ba ni labarin ranar da ta haife ni, da ciwon da na yi ina goye, da waƙar da take yi mini in na ƙi barci. Na haddace su duka kamar karatun allo, har gobe ina iya biya muku. Ina ta jira ko ɗaya zai sauka daga kaina zuwa ƙirjina. Na yi mata hidima iyakar ƙarfina, na ji tausayinta ƙwarai, irin tausayin da ake ji wa tsohuwar kirki mai jinya. Ita ma ta san iyakarsa ke nan, kuma ba ta taɓa nuna mini ba.

Ran da ta cika, Nomau sai da aka riƙe shi. Ni na yi gaba wajen haƙa kabari, ni na ɗauki gaban makara, idona a bushe ƙamas. Da aka dawo ana zaman makoki, liman ya nuna ni ya ce wa jama'a, "Ku dubi Korau. Shi ya fi kowa shaƙuwa da ita, amma ko ɗigon hawaye. Allah ya ba mu haƙuri irin nasa." Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Nan hikayar Korau ta tuƙe. Wanda ya san ta a cikinku, ya yi mata addu'a da fuskarta a ransa. Ni da suna kawai nake yi.